Baƙar Ɗamarar Preben Mai Bandar Kifi

Duk wanda ya taɓa tsayawa sayen kifin banda a bakin tashar jiragen ruwa ta Norrevig ya ji abin da ƙanena Preben Kragh ya yi a Busan. Ba sai ka tambaya ba. Kana cewa a ba ka kifi biyu zai ajiye wuƙa, ya goge hannu a riga, ya ƙura wa teku ido kamar mai hango Koriya daga gaɓar Denmark, ya soma.

Wai yana ɗan shekara ashirin da biyu, yana aiki a jirgin dakon kaya, suka yada zango a Busan. Wai wani tsoho ya gan shi a bakin ruwa, ya ce bai taɓa ganin ƙashi irin nasa a jikin Bature ba, ya koya masa taikwando, salon faɗan Koriya, kaf cikin kwana huɗu. A rana ta biyar 'yan daba suka tare shi a lungu. Shekarar da ya dawo daga tafiyar, su uku ne. Ranar aurensa da Grethe sun zama bakwai. Bana da gashin kansa ya ƙare, tumbi ya fito, sun kai goma sha ɗaya, ɗaya ma da kare.

Ni ce yayarsa, Bodil. Bas nake tuƙawa, layi na huɗu. Shekara tara ke nan ina zuwa ƙungiyar taikwando ta garinmu, duk Talata da Alhamis, a zauren wasannin makaranta. Mu goma sha huɗu ne. Preben bai taɓa leƙo mu ba. Ya ce in mai ƙafa irin tasa ya shiga cikin 'yan koyo, gadajen asibiti ba za su isa ba.

Sai malaminmu Ejnar ya yi aikin ƙugu, likita ya ce ya gama tsalle a duniya. Ba a yi sati ba Ingelise ta majalisar gari ta same mu a shagon kofin Viggo da takarda a hannu. Ta ce doka ce, ba a koyar da faɗa a zauren makaranta sai da malami mai baƙar ɗamara. In Satumba ta kama ba mu samu ba, Talata da Alhamis za su koma hannun ƙungiyar rawar tsofaffi, waɗanda suka daɗe suna leƙen zauren ta taga. Ni ce na fi kowa nisa a cikinmu, kuma tawa ɗamarar ja ce.

Muka yi jugum. Sai ga murya daga teburin baya.

"A kan wannan ne kuka zauna kamar masu zaman makoki?" Preben ne, da ɓawon kifi a gemu. "Akwai sansanin horo a duwatsun Koriya, sati uku. Taikwando, murɗe hannu, takobi, duka. Zan je in karɓo takardar abin da na riga na sani, in zo in riƙe muku aji."

Viggo ya ajiye butar kofi. "Preben, jiya na ga ka sunkuya ɗaure takalmi. Sai da ka rungumi fitilar titi kafin ka miƙe."

"Dabarar numfashi ce. Ba za ka gane ba."

"Fitilar ma ba ta gane ba. Har yanzu a karkace take."

"Ku yi ta dariya," in ji Preben. "Ranar da na dawo, da hannu zan riƙa buɗe maka gwangwani."

Washegari Grethe ta hau bas ɗina, ta zauna a kujerar bayana, ba ta sauka ba har na kai ƙarshen layi. Ta ce, "Bodil, ki bi shi. Ba don ki hana shi komai ba, shekara ashirin da shida ina gwadawa. Don dai a samu mai gaya mini gaskiyar abin da ya faru."

Haka na ɗauki hutuna na bazara. Muka cika fom tare a teburin kicin ɗinsu. Inda aka tambayi matsayi na rubuta jar ɗamara. Shi ya rubuta baƙar ɗamara, mataki na uku. A wurin ƙarin bayani ya ƙara da cewa, "A yi hattara da ƙafata ta dama." Ya yi odar ɗamarar aka kawo masa ta gidan waya, mafi tsawo da ake da ita, ta ƙi zagaye cikinsa sau biyu. Sai da ya sake sayo wata Grethe ta haɗe su a keke.

A filin jirgin sama wata 'yar ƙaramar mace ta tarye mu, da hular kwano da takalmin gudu, ba za ta wuce arba'in da biyar ba. Ta loda mu a ƙaramar bas tare da wasu ɗalibai shida. Preben ya shige gaba. Tafiyar awa huɗu ce, kuma awa huɗun nan bai bar matar nan ta ji ƙarar injinta ba. Da Turancinsa na jirgin ruwa ya ba ta labarin Busan, 'yan dabar suka zama goma sha uku saboda an zo ƙasarsu. Ya kama hannunta daga kan giya ya nuna mata yadda ake dunƙule shi.

"Ke ma da kin ɗan koya, yarinya. Mace tana tuƙi ita kaɗai a daji."

"Haka ne," in ji ta. "Wa ya koya maka?"

"Ba a faɗin sunansa."

"Na ga alama."

Da muka fara hawa dutse ya juyo ya ce mini da yarenmu, "Ki buɗe ido, Bodil. Babban malami ba ya nuna kansa. Za ki gan shi tsoho tukuf cikin tsumma yana wani ɗan aiki a bakin ƙofa, yana gwada baƙi. Wawaye sai su miƙa masa jaka. Ni ba za a yi wannan da ni ba."

Ilai kuwa, a bakin ƙofar sansanin akwai wani tsoho yana shanya jan barkono a kan tabarma. Preben ya dira daga mota, ya cilla wa direbar jakarsa ya ce ta kai masa ciki, ya je ya zube gwiwa biyu a tsakiyar shanyar, ya kafa goshi a ƙasa. Ya fara jawabi. Tsohon ya fara ihu yana dukansa da malafa.

"Kin gani?" in ji Preben daga ƙasa. "Har ya fara gwada ni."

Tsohon nan maƙwabci ne, sunansa Gwak, manomi, kuma kurma ne. Barkononsa kawai yake so a tashi a kai.

Aka buga ƙararrawa. Ɗalibai arba'in daga ƙasashe daban-daban suka yi sahu a tsakar gida. Ƙofar zaure ta buɗe, direbarmu ta fito cikin fararen kaya, da baƙar ɗamara wadda tsufa ya mai da ita toka-toka. Kowa ya rusuna ya ce, "Sabomnim!" Haka ake kiran malami a can. Sunanta Pyo. Ta bi sahu da ido har ta iso kan ƙanena, da 'ya'yan barkono manne a goshi.

"Wanda ya koya mini dunƙule hannu a mota, ya fito gaba. A nuna mana ƙafar daman nan da aka ce a yi hattara da ita."

Wani ne da sai ya nemi ƙasa ta tsage. Preben gyara ɗamara ya yi ya fito. Ya ce kafin ya kai hari sai ya yi kirarin mayaƙan Busan, wanda ma'anarsa ita ce wanda ya isa ya fito. Ya ja numfashi, ya buɗe baki ya kwarara ihu:

"Bap do juseyo!"

Ya ɗaga ƙafar dama. Ta hagu ta ce ba da ita ba, ta zame. Ya sauka a gadon baya tim, har tsuntsaye suka tashi daga rufi. 'Yan Koriyan da ke sahu suka cije leɓe, kafaɗunsu na rawa. Kafin ya tashi sai ga wata tsohuwa gajera ta fito daga kicin da sauri, riƙe da kwano yana tururi, ta dire masa a ƙirji. Ita ce mai dafa abincin sansanin, kowa Imo yake ce mata, wato inna.

"Cewa ka yi a ƙaro maka shinkafa," in ji Sabomnim Pyo.

Preben ya dubi kwanon. "A Busan ma'anarsa daban."

"Ni 'yar Busan ce."

Daga ranar sunansa ya ɓace. Har mai kantin ƙauyen Ƙaro Shinkafa yake kiransa.

Na ɗauka za a mai da shi ajin 'yan koyo. Sabomnim ta ƙi. Ta ce mataki na uku ya rubuta da hannunsa, horon 'yan mataki na uku zai yi. Kowace safiya sai sun hau matakala ɗari tara a guje zuwa wani ɗakin ibada a kan dutse, su dawo kafin karin kumallo. Ranar farko ya kai ta sittin ya tsaya, ya ce yana nazarin iska. Rana ta biyu ya kai ta tamanin ya yi amai a kan takalmin wani ɗan Holan. Rana ta uku ya ce matuƙin jirgin ruwa ba ya ɓata, ya gano gajeriyar hanya ta cikin daji, ya shige.

Ba mu sake ganinsa ba sai la'asar. Wata doguwar bas ta tsaya a ƙofa, cike da tsofaffin mata masu yawon hawa dutse. Ƙanena ya sauko sanye da hular rana mai furanni, aljihunsa cike da dafaffiyar masara, matan suna ɗaga masa hannu ta taga.

"Na wuce ɗakin ibadar ban lura ba," ya ce wa ɗalibai. "Gudu ya yi mini yawa, sai ga ni a wani gari."

"Sun bugo waya tun da hantsi," in ji Sabomnim. "Sun ce sun tsinci Baturenmu a gonar wake yana kiran sunan matarsa."

A ajin murɗe hannu aka ce kowa ya zaɓi abokin gwaji. Preben ya zagaya ya zaɓi mafi ƙanƙanta, wata dattijuwa 'yar Fotugal mai suna Filomena, likitar haƙori ce da ta yi ritaya. Ya ce mata kada ta ji tsoro, a hankali zai bi ta. Ta ce ta gode. Ta kama ɗan ƙaramin yatsansa ta juya kaɗan, kamar mai buɗe famfo. Sai ga ƙanena a ƙasa yana dukan tabarma da ɗaya hannun, yana roƙonta da yare uku. Da bakinsa ya buɗe ta leƙa ciki ta ce akwai haƙori biyu da ya kamata a cire.

Takobi ne ya ƙarasa shi. Na gora ne, wanda ake koyo da shi. Ranar Lahadin farko ya ja ni bayan kicin ya ce in ɗauke shi hoto mai motsi a tura wa mutanen gida. A wurin akwai manyan randuna baƙaƙe a jere, inda Imo take ajiye daddawar waken suya da miyar barkono. Ya ce su za su yi kyau a bayansa.

"Preben, matsa gaba."

"Ke dai riƙe waya. Ina sane da kowane taku."

Ya juya sau ɗaya, ya juya sau biyu. A na uku jiri ya kwashe shi, takobin ya tafi da shi, duka biyun suka faɗa kan randar da ta fi kowacce girma. Ta dare gida biyu. Daddawa ta malalo kamar laka, warinta ya cika tsakar gida. Daga baya muka ji randar ta uwar mijin Imo ce, daddawar kuma shekararta bakwai tana nuna.

Imo ta fito da ludayi. Shi yana da takobi, ita tana da ludayi, kuma ta haura saba'in. Ya dube ta sau ɗaya ya yar da takobin ya ranta a na kare. Sau uku suka zagaye tsakar gidan, duk inda ya karya kwana sai ya tarar ta riga shi, ƙwal a ƙeya. Ɗalibai suka fito suka yi cirko-cirko. Sabomnim ta harɗe hannu ta ce musu, "Ku kalli ƙafafunta. Abin da nake ta fama in koya muku ke nan tun ranar Talata."

Hukunci ya zo biyu, ya zaɓa: ko ya haɗa kaya ya koma gida, ko ya ƙarasa sansanin a kicin. Ya zaɓi kicin. A ranar ya aika wa Viggo saƙo: "An ware ni daga cikin arba'in don horon sirri. Na hannu ne zalla. Ba a yarda a ɗauki hoto ba." Viggo ya buga shi a takarda ya manna a bangon shago.

Grethe ta kira ni. "Me yake yi?"

"Ɓare tafarnuwa. Buhu guda a rana."

Sai ta ce, "A gidan nan ko albasa bai taɓa yanka mini ba. Ki tambaye su ko za su riƙe shi wata uku."

Abin da ban zata ba shi ne kicin ɗin ya karɓe shi. Mutumin da ya shekara talatin yana gishirta kifi, da aka zo gishirta kabeji sai hannunsa ya tuna aikinsa. Na leƙa wata rana na same su shi da Imo a kan baho, ita tana masifa da yarenta, shi yana ramawa da namu, ba mai jin wani. Ya ɗanɗana ruwan ya girgiza kai ya ƙara barbaɗa gishiri. Ta ɗaga ludayi, ta ɗanɗana, ta sauke ludayin a hankali. Daga ranar ita take ajiye masa ƙanzon tukunya.

Da ya tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma ranar rufe sansanin ta zo daidai da bikin ƙauyen, za a kafa dandamali a gaban ɗakin taro, kowane ɗalibi ya nuna abin da ya koya. Preben ya riga ya yi wa Norrevig alkawarin katako biyar a haɗe, da tsalle ɗaya, da ƙafa ɗaya. Viggo ya ce zai haɗa wayata da talabijin ɗin shago a gani kai tsaye, tunda la'asar ɗin can safiyar Asabar ce a gida. Har Ingelise an gayyata.

"Ba ka cikin jerin," in ji Sabomnim.

"Garinmu gaba ɗaya yana jira."

"To katako ɗaya, da hannu."

"Biyar, da ƙafa."

"Ƙafarka ce," ta ce, ta rubuta sunansa.

Ranar Alhamis da tsakar rana, kowa yana hutawa, na ji ƙarar zarto a bayan rumbun itace. Na zagaya. Ga ƙanena tsugune, ya aro zarton tsoho Gwak, yana yanka kowane katako ta baya har saura ƙiris, yana cike tsagar da dafaffiyar shinkafa da garin katako.

"Preben!"

"Yi a hankali mana! Duk manyan haka suke yi."

"Wane babban?"

"Ba a faɗin sunansu."

"Zan gaya wa Sabomnim."

"Gaya mata. Sai ki koma gida ki sayi takalmin rawa, ke da Ejnar da ƙugunsa na ƙarfe."

Ya kamata in faɗa. Ban faɗa ba. Washegari ce tawa jarrabawar ta neman baƙar ɗamara, gwiwata ta kumbura, kaina ya cika da nawa tsoron. Na yi jarrabawar ranar Juma'a, awa uku, aka ce sakamako sai wurin rufewa.

Asabar ƙauyen ya cika. Ganguna, tsofaffi a kan tabarmi, mai unguwa a kujerar gaba. A gefen dandamali matan ƙauye sun ajiye wani ƙaton baho cike da kwaɓin jan barkono da tafarnuwa, suna shafa wa kabeji don walimar yamma. Ni ina gaba riƙe da waya. Ta cikinta ina ganin shagon Viggo ya cika har bakin ƙofa, Grethe a gaba, Ingelise a gefenta, 'yan rawar tsofaffi sun kama teburi guda.

Aka kira Ƙaro Shinkafa. Ƙauyen ya ɗauki tafi. Ƙarti biyu daga cikin ɗalibai suka ɗauki katakan biyar a haɗe suka tsaya a tsakiya. Preben ya rusuna wa Sabomnim, ya rusuna wa mai unguwa, ya matso ya cika wayata da fuska.

"Viggo, ka tanadi gwangwanayen."

Ya ja da baya har ƙarshen dandamali. Ya yi wani gurnani, ya taho a guje, katakon dandamali yana kuka a ƙarƙashinsa. Masu riƙon suka ga abin da ke tahowa, suka yi yadda aka koya musu: suka kafe ƙafa, suka damƙe katakan da ƙarfi. Ɓaras! Biyar ɗin suka rabe goma a hannunsu, saura taku uku Preben ya iso.

Shi bai gani ba, don ya riga ya rufe ido. Ya yi tsalle. Zan faɗi gaskiya a kan ɗan'uwana, tsallen ya yi kyau, bai taɓa yin irinsa ba. Ya wuce ta tsakanin mutanen nan biyu bai taɓa komai ba, ya wuce ƙarshen dandamali, ya sauka da ka a cikin bahon barkono. Matan suka watse da ihu. Ƙafafu biyu kawai ake gani a sama suna tuƙa keke.

Sai muryar Viggo ta fito daga wayata: "To ya ci ne ko bai ci ba?"

Preben ya miƙe a cikin bahon, jawur daga ka har cibiya, ganyen kabeji a kafaɗa. Ɗinkin Grethe ya ɓalle, rabin ɗamarar yana lilo. Ya share ido ɗaya, ya hango gutsattsarin katako a ƙasa, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Kun gani! Ko taɓa su ban yi ba! Iskar ƙafata ce!"

Na rantse mai unguwa har ya fara tafi. Sai tsoho Gwak ya hau dandamali da sandarsa, yana magana da ƙarfi irin na kurame. Ya ɗauki gutsure ɗaya, ya bi bakinsa da yatsa, ya ƙwaƙulo shinkafa, ya sansana, ya ɗaga sama kowa ya gani. Ya ci gaba da faɗa yana nuna Preben da sanda. Sabomnim ta ɗauki lasifika, ta juyo ta fuskanci wayata, ta fassara a hankali don kada mutanen Norrevig su rasa ko kalma ɗaya.

"Ya ce a mayar masa da zartonsa. Ya ce kuma yankan a karkace yake."

Dariya ta tashi a ƙasa biyu lokaci ɗaya. Mai unguwa ya zame daga kujera. A cikin waya na ga Ingelise ta kifa kai a teburi tana dukansa, 'yan rawar tsofaffi sun rungume juna. Grethe ce kaɗai ta matso kusa da talabijin ta ce, "Preben, rufe bakinka, barkono yana shiga."

A lokacin ne barkonon ya fara aiki. Ya yi ƙara, ya dira daga bahon, ya nufi famfon bayan ɗakin taro a makance. Imo ta bi shi da tiyo. Na kashe waya na bi su. Na same shi zaune a kan dutse tsamo-tsamo, ido ya kumbura, tana wanke masa kunne tana zaginsa a hankali.

"Bodil," ya ce, bai ɗago ba. "Ko sauka daga jirgin ban yi ba a Busan. Kwana biyar ina fere dankali. Kukun jirgin ne ɗan Koriya, a wurinsa na koyi kirarin."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Mama ta ajiye wasiƙarka. Har da ƙorafin wuƙar ba ta ci."

Ruwa na ta ɗiga daga gemunsa. Can ya ce, "Amma tsallen fa?"

"Tsallen ya yi."

"Mita nawa za ki ce?"

"Tashi mu je, Preben."

A wurin rufewa Sabomnim ta sa shi ya tsaya a gaban ɗalibai ya ba da haƙuri, ya mai da zarto, ya kwance abin da ya rage na baƙar ɗamarar ya ajiye a ƙasa. Ta ɗaura masa fara da hannunta, ta ce wannan tasa ce, ba mai ƙwace masa. Sannan ta kira sunana. Ban ji sauran abin da ta faɗa ba, na dai ga baƙar ɗamara a hannuna, na ji ƙanena yana gaya wa ɗan Holan ɗin nan cewa shi ya koya mini komai tun muna yara.

Da za mu shiga mota Imo ta fito da wata doguwar takarda, ta rubuta da burushi da baƙin tawada, ta buga jan hatimi a ƙasa. Ta danƙa wa Preben, ta ƙwale shi da ludayi sau ɗaya a kafaɗa, ta juya da sauri tana share ido.

Zauren bai kuɓuce mana ba. Ni nake koyarwa yanzu, Ejnar yana zaune a kujera yana gyara mini. Mun kai mu talatin da ɗaya, don rabin waɗanda suka kalli abin a shagon Viggo sun zo sun yi rajista, har da mutum huɗu daga 'yan rawa. Preben yana zuwa duk Talata, yana sahun baya da farar ɗamara, yana raɗa wa sababbi cewa katakan tara ne.

Takardar Imo kuwa ya sa mata gilashi ya rataye a saman teburin kifi. Duk wanda ya tambaya sai ya ajiye wuƙa ya ce lambar girma ce da ba a taɓa ba Bature ba, ma'anarta Damisar Tekun Arewa. Ni Sabomnim ta karanta mini ita a hanyar filin jirgi, yana barci a kujerar baya. Cewa take: "Wannan mutum ya iya gishiri. Kada a ba shi takobi."

Ɗan'uwana ne, don haka ban gaya wa kowa ba, in ban da fasinjojin layi na huɗu.